Mai Gadin da Ba a Karɓa Ba

Magariba ta kawo jiki, irin magaribar nan da babu abin da za a ce game da ita. Sajan yana zaune a tsakar gida, ya tsoma ƙafafunsa cikin robar ruwan ɗumi kamar wanda ya wuni a tsaye, alhali kujera ce ta wuni ɗauke da shi. Matarsa tana bakin murhu tana fama da itacen da ya ƙi kamawa. Auta tana ɗaki. Ba sai an tambayi abin da take yi ba, domin in dai Auta ta dawo daga shagon da take koyon ɗinki ta shige ɗaki, to barci ne. Yarinya ce da Allah Ya hore wa barci yadda Yake hore wa wasu dukiya.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufin ɗaki. Guda ɗaya ce. Ta gangaro a hankali, ba ta gaggawa, ta zo bakin rufi ta ɗan tsaya kamar mai jiran izini, sannan ta faɗo gefen robar.

"Yaran maƙwabta ne," in ji matar, ko juyowa ba ta yi ba.

Sajan ya ɗauki tsakuwar ya kai ta hanci. Baƙa ce, tana warin baƙin mai. Duk unguwarsu babu irinta. Amma ya san inda take jibge: filin bayan siton da yake aiki, inda manyan motoci ke tsayawa suna ɗigar da mai. Daga can zuwa gidansa kuwa, mai keke ma sai ya yi gumi.

Ya jefa ta aljihu ya ce, "Yara ne kam. Amma masu gemu."

Shi dai Sajan bai taɓa shiga soja ba, bai taɓa ɗan sanda ba. Wani mai gadi ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya koyi tafiyar da ta dace da sunan. Shi ne shugaban masu gadi a wani babban sito na kayan gini, siminti da rodi da fenti, kuma shi ke raba aiki: wa zai yi safe, wa zai yi yamma, wa zai kwana, wa zai huta. A da kowa da lokacinsa, mai dare yana dare har ya tsufa a ciki. Sai aka rage ma'aikata, Manaja ya kira shi ya ce a san yadda za a yi. Sajan ya wuni da alli a gaban allon ofis, ya fito da tsarin karɓa-karɓa: wannan makon kana safe, mai zuwa kana yamma, na gaba kana dare. A kan allo abin ya yi kyau, har Manaja ya ɗauke shi hoto. A jikin mutane kuwa, ranar juyi sai mutum ya sauka daga dare da safe, ya je gida ya cire takalmi, kafin ƙafar ta huce an ce ya dawo aikin yamma. Ranar hutu tana nan a rubuce, sai dai duk wanda ya matso kusa da ita sai ta matsa gaba.

Don lissafin ya fita, ya soke gadin ƙofar baya gaba ɗaya. Ƙofa ce da ba a buɗe ta sai motar siminti ta zo, kuma tun da aka gina siton ko ƙusa ba a taɓa ɗauka ta can ba. Mai tsaronta wani tsoho ne da ake kira Mai Bargo, don ba a taɓa zuwa wurinsa an same shi a wajen bargo ba, zafi ko sanyi. Wata magariba Sajan ya zagaya, ya tarar har ya naɗe a kan benci tun ba a kira isha'i ba. Ya ce ya tashi ya tafi gida yanzu-yanzu, gobe ya kama aikin safe a ƙofar gaba, kada kuma ya sake ganin ƙafarsa a nan.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in kai asuba mana. Akwai ɗan abin da nake yi da asuba."

"Na sani. Juyawa kake ɗaya gefen."

Tsohon ya dubi ɗakin gadi, ya dubi Sajan. Ya naɗe bargonsa ya tafi.

Saboda haka da tsakuwa ta faɗo, Sajan bai sha wahalar neman masu laifi ba, yana da su jere a kan allo. Washegari ya tara su a gaban ofis, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kallon hannuwansu. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Gajere, mai bakin da ba ya ajiye magana, wanda ya taɓa ce masa a gaban kowa, "Oga, ƙaramin ɗana ya fara kuka in ya gan ni, ya zaci baƙo ne." Ya tambaye shi inda yake jiya da magariba. Gajere ya ce yana ƙofar gaba, ga kuma direban Manaja shaida. Sajan ya gyaɗa kai, ya ƙara direban Manaja cikin waɗanda yake zargi.

Tsakuwa ba ta fasa ba. Kullum rana ta faɗi, tsuntsaye sun yi shiru, hasken ya koma kalar toka, sai ta sauka. Daga guda ɗaya ta koma cikin tafin hannu. Sajan ya laɓe a bayan katanga da kulki, sauro ya yi masa gayya, bai ga kowa ba, tsakuwar kuwa ta zo ta saman kansa daga inda babu bishiya babu bene. Ya zargi maƙwabci. Ya zargi mai shayin bakin layi, don ya gaishe shi da fara'ar da ta wuce kima. Ya zargi ƙanin matarsa da ya taɓa neman aikin gadi ya hana shi. Har matar ya fara yi wa kallon gefen ido, don ya lura ba ta firgita yadda ya kamata.

Daga nan aka fara jin usur. Ba a cikin gida ba, ba kuma a waje ba. Busa gajeruwa, a yi shiru, a sake. Matar ta ce tsuntsu ne. Sajan kuwa ya ture abincin gefe, domin ya san busar. Ita ce wadda mai gadi ke yi in lokacin saukarsa ya wuce, mai karɓarsa bai zo ba.

Wata rana ya manta abincinsa a gida, matar ta aiki Auta da shi. Ta tarar da ofis a kulle, aka ce Oga yana mitin. Ta ajiye kwanon, ta shiga zagaye tana neman inuwa, har ta kai bayan sito. Ta ga ɗakin gadi babu kowa, ga benci, ga iska. Abin da ya biyo baya, duk wanda ya san Auta ya sani. Sai bayan la'asar ta farka ta koma gida.

Da magaribar ranar, tsakuwa ba ta faɗo ba. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji motsin harshensa. Labulen ɗakin Auta ya ɗaga. Ta fito da wata tafiya da ba tata ba, tafiyar wanda ƙafafunsa suka daɗe da gajiya da shi. Ta zare tsohuwar hular aikin ubanta daga ƙusa ta ɗora a kan ɗankwali. Ta ɗauki tocila. Ta je bakin ƙofar gida daga ciki, ta juya baya ga bango, ta tsaya.

"Auta, lafiya?" in ji uwar.

"Wa ke nan?"

Muryar ta fito daga ƙasa-ƙasa, mai kauri, a dishe. Uwar ta saki ludayi.

Da Sajan ya dawo daga masallaci, hasken tocila ya tare shi a fuska. Aka tambaye shi daga ina, wurin wa ya zo, me ke cikin aljihunsa. Ya yi dariya, dariyar ta ƙare ita kaɗai. Ya ce wa matarsa wannan shiri ne, Gajere ne ya saya wa yarinya wani abu ya koya mata, ko kuwa wani saurayi take jira a bakin ƙofa shi ne ta ɓullo da wannan dabarar. A ƙyale ta, in ji shi, Auta ce fa, kafin a gama cin abinci za a ji ta zube.

Ba ta zube ba. Gari ya waye tana tsaye, rana ta take tana tsaye. Ruwa a tsaye take sha, abinci loma biyu ta ture. Suka yi ƙoƙarin ɗaukar ta, shi da ƙanin matar da ya gama zargi, suka ji kamar an dasa ta, ƙafarta ko motsi. Aka kira likita gida, ya yi mata allurar da ya ce ko bijimi aka yi wa sai ya kwanta. Auta ta yi hamma guda ɗaya, doguwa, har likitan ya haɗa jakarsa ya fita ba ta gama ba. Kwanaki suka shige. Idanunta suka faɗa, suka yi ja. Ƙafafun suka kumbura har silifas ya nutse cikin nama, aka yanke shi da almakashi.

Wata safiya matar ta same shi yana ɗaure takalmi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Auta, ka dubi ƙafar yarinyar nan. In ta faɗi a wurin nan, ba barci ne zai kayar da ita ba. Ka gama da Gajere, ka gama da ƙanina, ka gama da mai shayi. Saura ni, kuma na ga ka fara. Ka je ka kira Malam."

Sajan yana da ra'ayinsa game da masu ruƙiyya, ya yi imani rabinsu da aljanun suke raba riba. Amma ya dubi ƙafar, ya tafi.

Malam siririn dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, bai zo da komai ba sai gorar ruwa, ita ma don ƙishirwarsa. Ya iso bayan la'asar, ya nemi kujera, ya ajiye ta gaban yarinyar, ya zauna yana kallon ta kamar mai jiran mota. Yana nan zaune har inuwa ta cinye tsakar gida. Da aka idar da sallah ya fara karatu. Muryarsa ba ta tashi ba, amma ta cika wurin, har wutar murhu ta kwanta. Tocilar da ke hannun Auta ta fara rawa. Uwar ta riƙe bango. Sajan yana gefe ya harɗe hannu, yana lura ko Malam zai yi wa yarinyar wata alama da ido.

Can sai muryar ta ce, "Malam, don Allah ka sassauta. Ba faɗa na zo yi ba. Kaina ke ciwo."

"Wane ne kai?"

"Mai gadi."

"Na ina?"

"Ƙofar baya."

Sajan ya matso. "Ƙarya ne. Ƙofar baya ba ta da mai gadi, ni na soke ta da hannuna."

Kan Auta ya juyo a hankali. "A allo ka soke, Oga."

Malam ya ɗaga wa Sajan hannu, ya ce wa muryar ta yi bayani. Ta yi, tana tsayawa tana hamma. Tun kafin a gina siton yake zaune a filin. Da aka ja katanga aka kawo Mai Bargo, sai suka haɗu wata magariba, tsohon bai gudu ba, don gudu ma aiki ne. Suka daidaita. In rana ta faɗi tsohon zai ce ga ƙofa nan na ba ka, ya kwanta, shi kuma ya tsaya. Da asuba tsohon zai tashi ya duba kwaɗo, ya ce na karɓe ka, je ka huta, ya ja masa ɗakin ya bar masa bargo, ya wuni yana barci babu mai damun sa.

"Mu muka fara karɓa-karɓa, Oga, kafin ka iya riƙe alli. Ran nan an ba ni ƙofa da magariba, ka zo ka kori mai karɓa ta. Asuba ta yi, babu kowa. Tun ran nan nake tsaye."

"Me ya hana ka tafiya?" in ji Malam.

"In tafi in bar ƙofa? Haba Malam. Amana aka damƙa mini, ba a zo an karɓa ba."

"To ga shi ka bar ta, ka zo gidan mutane."

"Ban zo ba. Ina can yanzu haka, ga kwaɗo a gabana. Yarinyar oba-oba ce kawai, irin rediyon kiran nan na masu gadi, ta bakinta nake kira. Sai dai abin haka yake, muddin ina tsaye tana tsaye."

Fuskar Malam ta sauya. Ya ce wannan zalunci ne, yarinya ba ita ta raba aiki ba, ya ji tsoron Allah. Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi, har jikin Auta ya ɗauki ɓari, muryar ta shiga roƙo.

"Na tuba, na tuba. Amma na bi ƙa'ida, Malam. Na aika tsakuwa, ba a amsa ba. Na busa usur, ba a amsa ba. Sai ga ta ta zo ta miƙe a kan bencina, a gabana, tana minshari, har da miyau. Ni ma ina da zuciya."

Sajan ya ce shi fa bai yarda ba tukuna. Duk abin da aka faɗa, Mai Bargo zai iya koya wa yarinya. Aka aika aka ɗauko tsohon a bayan babur. Ya shigo yana gaishe-gaishe, da aka faɗa masa zancen ya dafe ƙirji.

"Ni? Da aljani? A'uzubillahi. Ni da nake kwana ido biyu shekara da shekaru?"

"Tsoho," in ji muryar, "ina bargona?"

Mai Bargo ya nemi ƙasa ya zauna. Ya ce shi dai ya zaci in aljanin ya gaji zai kama gabansa, kamar yadda kowane mai hankali zai yi.

Sajan ya ga mafita, muryar Oga ta dawo masa. "Shi ke nan. Tashi ka je ka karɓe shi yanzu."

"Ba zan ba shi ba," in ji muryar. "Dube shi. Wannan tsohon ba ya iya barci sai a bakin aiki. Tun da ka mai da shi gida jikoki suka hana shi runtsawa. Ba na miƙa ƙofa ga wanda bai yi barci ba."

"To Gajere."

"Gajere ya sauka daga dare yau da safe, ka dawo da shi yamma. Yanzu haka yana ƙofar gaba yana gaishe da turken fitila."

Sajan ya shiga kiran masu gadinsa ɗaya bayan ɗaya, muryar tana ba shi labarin kowa. Wannan ya haɗa yamma da dare don abokin aikinsa ba shi da lafiya. Wancan an ɗage masa hutu har ya manta ranar. Ɗayan jiya ya buɗe wa akuya ƙofa ya sara mata. Sunaye suka ƙare.

"Akwai mutum ɗaya a siton nan da barcinsa ya cika," in ji muryar. "Kullum bayan azahar. Ƙofa a kulle, fanka tana juyawa, a ce ana mitin."

Matar Sajan ta juyo ta dube shi.

Malam ya gyara zama, aka shiga ciniki. Aljanin ya ce zai kwanta ninkin abin da ya tsaya. Malam ya ce a'a, gwargwadon abin da ya tsaya, ba ƙari, ragowar ya tafi a hakkin yarinya. Ya ce to a ɗakin gadi zai kwanta, kada a yi masa hayaniya, kada a kunna rediyo. Malam ya ce an yarda, amma in ya tashi ya fita daga aikin mutane gaba ɗaya, kuma ya rantse shi da gidan nan har abada.

"Wato ritaya," in ji muryar.

"Ritaya."

"Dama gwiwa ta fara ba ni matsala. Na rantse. Amma Oga ma ya rantse zai zo ya karɓe ni, don na san shi. Shi ne mai cewa ka ɗan riƙe, yanzu za a zo. Kuma ya zo da ƙafarsa, ba a karɓar aiki ta oba-oba."

Sajan ya tsaya yana kallon su ɗaya bayan ɗaya: Malam da gorarsa, tsohon da ke zaune a ƙasa yana kallon yatsun ƙafa, matarsa. Abin ya yi masa kama da shiri, ya yi daidai da yawa. Me aka nema in ba abin da Gajere ke nema ba tun farko? Ya buɗe baki zai tambayi nawa aka biya wa. Sai kan Auta ya sunkuya, hular ta zame, wata 'yar siririyar murya ta fito, wadda ya sani tun tana goye.

"Baba, ƙafata."

Ya rufe bakin. Ya shiga ɗaki ya sa kaki, wanda maɓallin cikinsa ya daɗe da daina haɗuwa, ya karɓi tocilar daga hannunta, yatsun suka sake ta da ƙyar.

An idar da isha'i ya isa sito. Gajere ya buɗe masa ƙofar gaba, ya dube shi sama da ƙasa, ya haɗiye maganar da ta zo masa, abin da bai taɓa yi ba. Sajan ya bi ta tsakanin tarin rodi, ya wuce rumfar siminti, hasken gaba ya ƙare a bayansa. Ya kira matarsa a waya, ya bar layin a buɗe cikin aljihun riga. Filin baya ya shimfiɗe shiru, tsakuwa tana kuka a ƙarƙashin takalminsa. Ɗakin gadi yana nan, ƙofarsa a buɗe, benci babu kowa.

Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Na karɓe ka."

Babu abin da ya motsa. Daga aljihu matar ta ce, "Tana tsaye."

Ya daɗe rabonsa da karɓar aiki, ya saba aikawa a karɓa. Sai ya tuna ba haka ake yi ba, shi da kansa ya sha zagin yara a kan haka. Ya kunna tocila ya bi katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana duba waya mai ƙaya. Ya leƙa ƙarƙashin motar da ke ajiye. Ya zo ƙofa ya kama kwaɗo ya ja, ya ji shi da ɗumi, kamar yanzu wani ya sake shi. Da ya haska ƙasa, ya ga tsakuwar gaban ƙofar ta lotsa wuri biyu, gefe da gefe, kowane rami ya fi ƙafarsa tsawo nesa ba kusa ba. Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya yi bismillah ya sa ƙafafunsa a ciki.

"Na ga katanga, na ga kwaɗo, komai lafiya. Na karɓe ka. Je ka huta. Sannu da aiki."

Wata iska mai ɗumi ta wuce ta gefen kunnensa, kamar ajiyar zuciya. A cikin ɗakin gadi benci ya yi ƙara, ya lanƙwasa a tsakiya, ya tsaya a haka.

"Baban Auta," in ji aljihunsa, cikin raɗa. "Ta zauna. Ta kwanta a nan bakin ƙofa."

"Tana numfashi?"

Matar ta kai wayar kusa da yarinyar. Sajan ya saurara. Bai taɓa sanin minshari yana da daɗin ji haka ba. Ya share fuska da hula, ya mayar da ita, ya gyara tsayuwa.

Har yau akwai masu cewa masu gadi ne suka haɗa baki da tsoho da Malam. Sajan ma ya yi wannan tunanin a tsayen nan, ya juya shi ta kowace fuska, ya kasa gano wanda ya iya biyan benci ya lanƙwasa.

Da hantsi motar siminti ta iso ta bayan ƙofa, direba ya danna ham. Sajan ya ruga da ƙafafun da suka zama itace, yana kaɗa hannu.

"Kai, kashe. Akwai wanda ya sauka daga aiki yana barci."

Direban ya leƙa ɗakin gadi ta taga, ya ga benci, ya dubi Sajan, ya kashe motar a hankali.

Rana ta ɗaga. Lokacin sauka ya yi, ya wuce. Sajan ya dubi hanya babu mai zuwa. Ya zaro oba-oba, ya rage murya.

"Ƙofar gaba, wa zai karɓe ni?"

Muryar Gajere ta fito, cike da ladabin da bai saba ba. "Oga, na duba allo. Ƙofar baya babu kowa. Ka ɗan riƙe tukuna."

Sajan ya dubi usur ɗin da ke rataye a ƙirjinsa, ya dubi ɗakin gadi, ya fasa.

"Ciro allon daga bango ka kawo mini nan. Da alli, da tsumma mai ruwa. Kuma in ka zo wucewa ta ɗakin, ka cire takalmi."